Ranar da Kawu Ya Ba Kumandan Kiwon Inji

Ko na manta komai na zamana a Yamai, ba zan manta ranar da na raka kawuna ofishin wani kumandan soja ba.

Shekarun fari ne, mulki kuma na soja. Kogi ya janye har yara na wasa a kan yashi ƙarƙashin gada, wajen Gaweye. Ni ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, kawu kuma tela ne a unguwar Wadata. Shi ne shugaban koperatif, ƙungiyar haɗin gwiwar da 'yan garinmu suka kafa don kai kuran, wato wutar lantarki, ƙauyenmu. Duk Lahadi a shagonsa muke taruwa, mu zauna kan ƙyallaye mu yi ta gardama.

Tsarin kawu mai tafiyar hawainiya ne. Ya ce a fara da farantan nan masu shan rana, su juya famfon rijiya, don ruwa ya yi nisa har igiyar guga na tsage wa mata hannu. Daga baya a bi sannu a kafa turaku, a jawo waya daga babban gari. In ka ce yaushe, sai ya ce, "Ko mu ba mu gani ba, jikoki za su gani." Shi ya sa mu matasa muka laƙaba masa Sai-Jikoki. Ni na fi kowa kiran sunan, a bayan idonsa dai.

Kwatsam sai wani kumandan da ya taɓa aiki a yankinmu ya aiko cewa ya ba garinmu kyautar gurup, ƙaton injin wuta, a zo a karɓa. Shago ya kaure da murna, har an fara rabon inda za a rataya ƙwayayen lantarki. Kawu bai ɗaga kai daga keken ɗinki ba. Da muka lafa sai ya ce, "Wa zai shayar da shi?"

Injin gazuwal yake sha, wato man dizal, mutanenmu kuwa sun sayar da shanu sun sayi hatsi. In muka karɓa ya mutu a hannunmu, mun wulakanta kyautar soja. In muka ƙi, mun ƙi gwamnati. A lokacin, abin da bai kai wannan ba ma yana sa a ɗauke mutum. Da za mu tafi wurin kumandan, na ga matar kawu ta cusa masa maganinsa na hawan jini a aljihu.

Mun tarar da injin a farfajiya, sabo fil, sai ƙyalli yake. Kumandan ya tarbe mu fuska a sake. Kawu ya cire takalmi, ya yi godiya har na ƙosa, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, mun karɓa. Inji ya zama namu. Amma mun zo ba ka kiwonsa."

Kumandan ya ajiye alƙalami. "Kiwo, Baba?"

Al'ada ce a garinmu. In fari ya yi tsanani, mai saniyar da ba shi da ciyawa yakan kai ta wurin mai hali ya riƙe masa. Mai kiwo ya sha nono, mai saniya ya jira maraƙi, kuma ba wanda zai ce an ƙi saniya.

"Ranka ya daɗe, wannan saniya a gidanmu yunwa za ta kashe ta," in ji kawu. "A kai ta asibitin babban gari, inda gwamnati ke ba da gazuwal. Can ma matanmu ke haihuwa, in wuta ta ɗauke sai a hasken fitila."

Fuskar kumandan ta sauya. Sojan da ke bakin ƙofa ya gyara tsayuwa. Ni kuwa na fara karanta duk addu'ar da na iya.

"Wato ka mayar da ni makiyayinka ke nan?"

Kawu bai sunkuyar da kai ba. "Ba kowa muke ba kiwo ba, ranka ya daɗe. Sai wanda muka yarda da shi."

Kumandan ya daɗe yana kallonsa. Can sai ya fashe da dariya har yana buga tebur. Ashe shi ma da sandar kiwo ya tashi. Ya ce, "Kai, tsohon nan! To, faɗi maraƙin da kuke jira."

"Farantan rana da famfo, ranka ya daɗe."

Mun fito lafiya, amma wahalar kawu a gida take jiransa. 'Yan garinmu suka ce ya mayar da haske ya zaɓa mana duhu. Wasu suka daina kawo masa ɗinki. A taro na gaba aka sauke shi daga shugabanci, a cikin shagonsa. Ya miƙe ya ba sabon shugaba kujerarsa, ya koma kan keke, kuma bai fasa dafa mana shayi duk Lahadi ba. Wallahi ban taɓa ganin haƙuri irin nasa ba.

Kumandan ya cika alkawari, ya aiko da farantan rana da famfo. Famfo ya tashi, ruwa bai yanke ba har fari ya wuce. Wani gari kusa da mu da suka karɓi irin injin, kafin shekara ta zagayo kaji ke kwana a kansa. Turaku kuwa sai da suka ci shekaru, ana kafawa ana hutawa, bisa tsarin da kawu ya bari.

Ranar da wayar ta iso garinmu, kawu ya daɗe da rasuwa. Da aka nemi wanda zai kunna ƙwan farko a masallaci, liman ya ce a kira jikansa. Yaron ya danna, wuta ta kama, mutane suka yi kabbara. Ni na juya baya, don kada ɗalibaina na da su ga malaminsu yana hawaye.

Abin da na koya shi ne, kafin ka karɓi abu ka tambayi abin da yake ci, kuma mai yi wa jikoki tanadi sai ya shirya shan zagin 'ya'ya. Sunan da na laƙaba wa kawu don ba'a, yanzu ba na iya faɗarsa sai na haɗa da Allah ya jiƙansa.