Shanun Yaya da Takardar Legas

Ni dai tun ina yaro ba na iya zama wuri ɗaya, rediyo kuma ta zo ta ƙarasa lalata ni. Shekarar da Larabawa suka yi yaƙi cikin azumi suka hana Turawa mai, ina malamin firamare a Gumel, kullum kunnena na manne da akwatin nan. Wani abokina mai gyaran layin tangaraho, wanda bakinsa ba ya hutawa, shi ya zuga ni. Wai gwamnati ta sa kamfanonin Turawa su sayar wa 'yan ƙasa hannun jari, kuma in duniya ta rikice abu biyu ne ba sa faɗuwa, mai da waya, don masu yaƙin ma sai sun zuba mai, sai sun yi magana. Ban tsaya wani dogon tunani ba na hau mota sai garinmu Ɗanzomo.

Yayana manomi ne, shi ke riƙe da gidanmu tun rasuwar Baba. Al'adarsa, in an gama kaka ya kai shanun huɗa kasuwar Alhamis ta Maigatari ya sayar, in bazara ta yi ya sayi ƙanana ya hore su kafin ruwa ya sauka. Na ce masa kuɗin nan barci kawai suke yi a tukunya, ya ba ni in juya. Abu ɗaya ya tambaye ni, ko in ya bukaci kuɗinsa zan iya sayar da abin ranar Alhamis yadda ake sayar da sa. Na ce ƙwarai kuwa, ya ɗauko kuɗin ya ba ni. Wallahi ba ƙarya na shirya masa ba, haka na ɗauka.

Na cike takardu a banki a Kano, rabi kamfanin mai, rabi kamfanin kayan waya, aka ba ni ɗan rasit aka ce in jira takardar shaida daga Legas. Ashe jiran ne aikin. Kullum aka tashi daga makaranta sai gidan waya, har ma'aikacin ya koma girgiza mini kai tun daga nesa. Sau uku ina komawa Kano, ana ce mini masu nema sun yi yawa, ana kan rabo, kuma ba a sayar da abin da bai zo hannu ba. A rediyo mai sai tashi yake, abokina na ta tsalle wai mun yi arziki. Arzikin me! Shanu ma tashi suke, don fari ya kashe su har cikin Nijar. Ina koyar da lissafi ina leƙen gabas ta taga. Ni ɗan manomi, na koma jin tsoron hadari.

Yaya bai aiko ko sau ɗaya ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Takardar ta iso bayan ruwa na uku, mai kauri, da zane kore a gefe, ga sunana a tsakiya. Na same shi a gona. Gero ya fito, maƙwabta duk sun gama huɗa, shi kuwa yana ta da kunya da garmar hannu, ko kwata bai kai ba. Sai da ya goge hannu a riga kafin ya karɓa, duk da haka bororon da ya fashe a tafinsa ya ɓata kusurwar takardar. Ya juya ta, ya duba bayanta. Na fara zuba bayanin ribar ƙarshen shekara.

"Malam," ya ce, bai taɓa kirana haka ba, "ajiye ta a inuwa kada ta yi datti. Akwai wata garmar a gindin tsamiyar can."

Na cire takalmi. Takardar har yau tana cikin akwatina da tabon nan a kusurwa, an sha taya ta, na kasa sayarwa.