Mutanen Kwamfuta Ba Su Iya Gaisuwa Ba

Shekara ashirin da shida Gwaggo, yayar babanmu, ta yi tana tura keken marasa lafiya a asibiti, har gwiwoyinta suka fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ana nan sai aka ce za a gina sabon reshe mai siffar katantanwa: babu matakala, sai hanya guda mai gangara da ta nannaɗe har hawa na uku.

Da yake ta fi kowa daɗewa, aka kira ta ofis a ji ta bakinta. Mai zanen ginin ya juyo mata da fuskar kwamfuta. Ga ginin a ciki, ga 'yan mutum-mutumi birjik suna hawa suna sauka, wasu da keke.

"Mama, da waɗannan muke gwada gini kafin a aza bulo. Tafiyarsu irin ta mutane ce. Minti huɗu sun kai sama."

Gwaggo ta daɗe tana kallo, tana murza gwiwa.

"Ɗan nan, mutanen naka marayu ne?"

"Kamar yaya, Mama?"

"Ban ga wanda ya tsaya ya ce wa wani ya jiki ba. Ni ko wa na ɗauko, sai dangi sun tare mu a hanya, ga birkin kekunanmu ya daɗe da mutuwa. Ka yi mana fili a tsakiya, inda keke zai tsaya da kansa."

Ya yi dariya, amma ya rubuta. Bayan sati biyu ya sake kiranta, baki har kunne, wai ya koya wa mutanen kwamfutar gaisuwa. Sai ga biyu sun haɗu, sun tsaya cak, sun wuce.

"Daƙiƙa biyar na ba su."

"Biyar? Ko gajiya ba su tambayi juna ba, balle mutanen gida."

"In na ƙara, hanyar cushewa take yi."

"To, ni me nake gaya maka tun ɗazu?"

Ya ce gwaji ya nuna wurin keke ɗaya ya wadatar. Gwaggo ta nemi takalmanta.

Aka gina. Filin yana nan, faɗin tabarma guda, kuma kullum sai ta tarar wani mai keken ya riga ta. Dole ta tsaya a gangara, ta tokare keken da ƙugu, har a gama tambayar surukai da jaririn da aka haifa. Wata bakwai ta jure. A na takwas ta roƙi a mayar da ita ɗakin wanki, inda ake ninke zannuwa a zaune.