Baba Karka-Hura Zai Rufe Shago

Kafin masu shagunan layin su gama sharar bakin ƙofa, Baba Karka-Hura ya riga ya iso. A da da hannu ɗaya yake cilla ƙofar ƙarfen shagonsa sama. Yanzu sai ya kai ta ƙirji, ya tsaya ya numfasa, sannan ya sa kafaɗa. Idan ya shiga ba ya kunna komai tukuna. Tsumma yake ɗauka ya bi kantoci yana goge kaset-kaset ɗin gem da suka jeru kamar haƙoran tsoho, nan cike, can giɓi. Daga nan ya jona ƙarfen solda na liƙe wayoyi, ya ɗaura gilashin ƙara girma a goshi, ya zauna ya fuskanci titi. Wata rana mutum biyu su shigo. Wata rana sai mai shayi kaɗai, shi ma kofinsa ya zo karɓa.

Ga wanda bai san shi ba, Baba mai gyaran na'urar gem ne, irin ta da, wadda ake cusa wa kaset a jona da talabijin. Ya haura shekara talatin a wannan shagon, kuma ƙarshen watan nan zai rufe. Idonsa ya yi rauni, hannunsa ya fara rawa, mai ginin kuma ya samu masu sayar da kayan waya da ke son wurin. Babu wanda zai shirya masa taron ban kwana, shi ya sa na ce bari ni in faɗi abin da na sani tun yana iya ji da kunnensa.

Sunan nan mu muka laƙaba masa muna yara. Lokacin rabin shagon wurin wasa ne, benci biyu da talabijin uku. Duk sanda kaset ya ƙi tashi, sai mu zare shi mu kafa baki mu hura. Daga can bayan tebur sai ka ji tsawa: "Kar ka hura! Yawu kake ɗura masa, gobe ya yi tsatsa ka ce ni ne ban iya gyara ba!" Bai taɓa hana ko mutum ɗaya hurawa ba, amma sunan ya bi shi har matarsa ma da shi take kiransa in ta so tsokana.

Ni mace ce, kuma ni kaɗai ce mace a bencin nan. Yayana nake bi. Ranar farko samarin suka taso ni a gaba, wai in koma gida in yi wasan 'yar tsana. Baba bai ɗago kai daga abin da yake gyarawa ba, ya ce, "Gem ɗin nan hannu biyu ne da shi. Ku nuna mini inda aka rubuta na maza ne." Daga ranar wuri ya samu. Wasan da muka fi so ni da Yaya na wasu 'yan kwana-kwana ne su biyu, ɗaya yana hawa tsani yana tsallake ramuka ya ɗauko mutane, ɗaya yana riƙe da tiyo yana kashe masa wuta a gaba. Yaya ne mai tsani, ni ce mai tiyo, kuma kullum laifina ne idan ya ƙone.

Sai zamani ya juya. Wasan ya koma cikin waya, benci ya watse, yaran da Baba ya koya wa aiki suka koma gyaran waya ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage masa shi ne manya irinmu masu kewar ƙuruciya, masu zuwa neman tsohon kaset ko a tayar musu da na'urar da ta kwana biyu a ƙarƙashin gado. Su ma ba su daɗe ba. Kamfanonin gem suka fara sake fito da tsofaffin wasannin a sababbin na'urori. Kana zaune a falonka ka danna, ka sauke, kafin shayinka ya huce wasan da ka yi kuka a kansa kana ɗan firamare yana gabanka. Babu kaset, babu tsatsa, babu Baba.

Mai askin da ke maƙwabtaka da shi ya ba ni labarin abin da ya gani da idonsa. Wani ma'aikacin banki ya zo neman kaset ɗin tseren mota da na'urarsa, ya ce ko nawa ne zai saya. Baba ya tambaye shi ko yana da sabuwar na'ura a gida. Ya ce ta 'ya'yansa tana nan. Baba ya ce, "To an sake fito da shi a kanta. Je ka sauke. Wannan tawa in ta yi maka wata shida ka gode Allah." Har ya zana masa a bayan kwali inda zai shiga da abin da zai danna. Da mutumin ya tafi mai aski ya ce, "Baba, kai da kanka kake haƙa wa sana'arka kabari?" Ya ce, "An riga an haƙa, Wanzam. Ni dai ba zan tura mutum ciki ya taya ni kwana ba."

Ba ya zagin sababbin nan. Abu ɗaya ne yake damunsa, kuma ya sha faɗa mini. Ya ce wasan sun dawo da shi daidai, kiɗan ma shi ne, amma benci ne ba su iya sakawa a ciki ba.

Ba kowane aiki ne ya ci nasara a hannunsa ba. Mai askin dai ya ce wata mata ta taɓa kawo kaset ɗin marigayi mijinta, tana so ta ga inda ya tsaya a wasan da sunan da ya rubuta. Baba ya buɗe ya tarar ƙaramin batirin da ke riƙe da ajiyar ya mutu tuntuni, komai ya goge. Zai iya rubuta sunan da kansa ya miƙa mata, ba za ta taɓa sani ba. Ya gaya mata gaskiya. Ta zauna a benci ta yi kukanta, shi kuma ya kashe rediyo ya juya baya yana goge abin da ba ya buƙatar guga har ta gama.

Nawa labarin na Yaya ne. Yaya tela ne, kuma ba don yayana ba ne, hannunsa ya faɗa. Bara ya yanke jiki ya faɗi a shago, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Da aka sallamo shi daga asibiti ya shige ɗaki ya juya wa duniya baya. Ya ƙi zuwa gashi a asibiti. Ya sa aka lulluɓe keken ɗinkinsa na gida da zane, ya hana kowa taɓawa. In an yi masa magana sai ya ɗaga kai ko ya girgiza. Matarsa ta rame ta zama kamar ita ce mara lafiyar, 'ya'yansa suka koyi tafiya a kan yatsu. Ni ina tashi daga aiki in biya, in zauna, in yi ta surutu ni kaɗai, in tashi. Wata da watanni muna haka. Na gaji, kowa ya gaji, har muka daina yi wa juna ƙaryar cewa da sauƙi.

Wata rana ɗana yana lalube a sabuwar na'urarsa sai na ji wani kiɗa da ya tsayar da ni a ƙofar kicin. Wasan 'yan kwana-kwana ne, an sake fito da shi. Na sa ya sauke, na kinkimi na'urar zuwa gidan Yaya ina murna kamar na samo magani. Da kiɗan ya tashi na ga idonsa ya motsa. Na ɗora masa hannun gem a cinya. Ya kama da hagu, ya tura ɗan tsanin gaba, ramin farko ya taho, madannin tsalle kuma yana ɓangaren dama. Ya dubi hannunsa na dama da ke kwance kamar na wani. Ya sake gwadawa. A karo na uku ya yi jifa da hannun gem ɗin ya bugi bango, ya juya fuska. Ban taɓa jin na yi wauta irin ta ranar ba.

Fasasshen hannun na kai wa Baba, ko zai gyaru. Ya tambayi yadda aka yi, na faɗa masa. Sai ya zare gilashin goshinsa ya ce, "Ja mini ƙofar nan. Mu je."

Da ya shiga ɗakin bai yi wa Yaya sannu ba, bai ce Allah ya sawwaƙe ba. Ya ja kujera ya zauna ya ce, "Tela, an ce ka yi ritaya ba ka gaya mini ba."

Sai ya dubi ƙafafun Yaya.

"Wace ƙafar ce mai rai?"

Can Yaya ya motsa ta hagu.

"Ta isa. Ina fedar kekenka?"

Matar Yaya ta dube ni, na dube ta. Ta ce a hankali, "Baba, ai ya hana a taɓa."

"Ba ke na tambaya ba, 'yata."

Yaya ya daɗe yana kallon keken da ke lulluɓe. Sannan da harshen nan mai nauyi ya ce, "Ɗauka."

Aikin ya ci makonni. Cikin sabon hannun gem wayoyi ne siri-siri kamar gashi, ba irin na da ba da makaho ma zai laluba. Baba ya ƙona na farko, na kawo wani. Na sha tarar da shi ya kafa hanci a kan tebur, hagu tana riƙe da wuyan hannun dama don ya daina rawa, ido yana zubar da ruwa. Yatsunsa duk tabon solda. Na ce ya bari haka, Allah ya ga niyya. Ya ce, "Niyya ba ta tsallake rami." Daga ƙarshe ya fito da wani allon katako mai faɗin faranti, da sandar juyawa da ya ciro daga wata tsohuwar na'ura, da babban madanni ɗaya a gefenta, da doguwar waya da ta sauka zuwa fedar keken Yaya. Hagu ta tuƙa, ƙafa ta yi tsalle.

Ranar gwaji Yaya ya faɗa ramin farko. Ya sake faɗawa. Ya sake. Na fara kallon bango ina lissafin inda allon zai sauka. Sai Baba ya ce, "Kar ka damu, Tela. Da hannu biyu ma nan kake faɗawa." Wani sauti ya fito daga bakin Yaya, a karkace, sai daga baya muka gane dariya ce. Ya taka feda, ɗan tsanin ya tsallake. Wuta ta taso masa a gaba ni kuma mai riƙe da tiyo na shagala da kallonsa, ya ƙone. Ya juyo ya harare ni ya ce, "Ke har yau... ba ki iya... riƙe tiyo ba." Matarsa ta fita da gudu, muna jin kukanta daga tsakar gida.

Ba zan yi muku ƙarya ba, hannun Yaya bai dawo ba, kuma likita ya ce kada mu sa rai. Bai ƙara ɗinki ba. Amma ya yarda ya fara zuwa gashi, yanzu yana takawa da sanda, yana zama a shagonsa yana duba yanka yana yi wa ma'aikatansa faɗa. Ma'aikaciyar da ke yi masa gashi ta ga allon a wayata, ta fara turo wa Baba mutane: wani direba da ya rasa hannu a haɗari, wata malamar makaranta da yatsunta suka ƙage. Kowa da irin nasa allon, don kowa da abin da ya rage masa a jiki.

Baba, kai ne wanda zamani ya ƙwace wa kasuwa, ka bi shi da fitila kana nuna wa mutane hanyar zuwa wurinsa. Kamfanoni sun dawo mana da wasan, ban raina musu ba. Amma wanda ya zauna ya tsara hannun gem bai san da Yayana ba. Kai ne ka shiga ɗakin da mu 'yan uwansa muka gaji da shiga, ka tambayi abin da ya rage maimakon abin da ya tafi. Ƙaramin shago, babbar inuwa. Na gode, matar Yaya ta gode, 'ya'yansa da suka koma yin ihu a gida sun gode. Allah ya hutar da gajiyarka, ya sanyaya idon nan da ka ƙarar a kanmu.

Makon jiya na leƙa na tarar yana zuba kaset a kwali. A kan tebur akwai allo ɗaya da bai ƙarasa ba, na wani magini ne da ya faɗo daga bene, wanda haɓarsa kaɗai yake iya motsawa da kyau. Katakon ya gamu, sandar ta zauna, saura wayoyin nan masu kama da gashi. Baba ya ce ya gwada, ba ya ganinsu ko da gilashi.

To ku masu gyaran waya da kuka cika layin nan, har da waɗanda a wannan teburin kuka fara riƙe ƙarfen solda, ga aiki yana jiran ku. Ido gare ku, hannunku ba ya rawa. Ku ba shi yammaci ɗaya a mako. Na tambaye shi ko zai iya koyarwa a gida bayan ya rufe, ya ce, "Ido ne ya tafi, baki yana nan. Duk wanda zai zo ya zo da kujerarsa, amma ya yi sauri. Magini yana jira, ni kuma barci nake ji."