Tambaya ta Biyar

Shekarun baya, lokacin da shari'a ta shigo kowa a Daura ya zama masanin kotu, ina aji biyar a sakandaren 'yan mata. Malaminmu na darasin gwamnati ya ce za mu kafa kotu a aji, mu gurfanar da wani tsohon shugaban soja na wata ƙasa mai nisa, wanda ake zargi da ɓatar da mutane. Ni aka ba lauyar masu ƙara, saboda bakina ba shi da linzami. Ƙawata, wadda muke benci ɗaya tun aji ɗaya, ita ce direban shugaban, babbar shaidar masu kare shi. Shugabar makaranta da kanta za ta zauna a kujerar alƙali.

Sati guda ina rubuta tambayoyi ina yagewa. Duk wadda na gwada a zuci, sai in ji ƙawata tana cewa, "Ni tuƙi nake, ban ga komai ba." Ni kuwa ranar rabon haƙuri ba na gari. Ran Asabar na tare kawuna, magatakarda a wata kotun shari'a, yana ɗaure buhun gero a bayan babur.

"Kawu, yaya ake kayar da shaida?"

"Ke ba a gaisuwa a garinku?" Ya ja igiya. "A wurinmu alƙali kan tambayi mutum, kana da suka? Ba maganar shaida ake bi ba, shi kansa ake bi. In ka nuna ya taɓa ha'inci, shaidarsa ta faɗi. Amma fa..."

Ban tsaya jin amma ɗin ba. Ina da suka, kuma mai zafi. A shekarar da ta gabata ƙawata ta ci talatin da ɗaya a lissafi, alhali mahaifinta ya rantse in ta sake faɗuwa zaman gida za ta yi. A gabana ta sa jan biro ta mayar da ukun nan takwas a katin sakamako. Daga ni sai Allah muka sani. Kuma an taɓa korar wata a kan irin haka.

Na zauna na rubuta tambaya a kan jan biron nan a lamba ta biyar, da kyakkyawan rubutu. Ko sau ɗaya ban ce wa kaina direban na wasa ne, yarinyar kuwa ta gaske ba. Na dai ce ba zan taɓa ta ba sai in huɗun farko sun gaza.

Suka kuwa gaza. Ƙawata ta fito da hular kwali a kan hijabi, tana taku kamar tsohon soja.

"Shaida, su wa ake zubawa a bayan motar?"

"Ranki ya daɗe, direba gabansa yake kallo."

"Ba ki taɓa jin ihu ba?"

"Injin motar soja ne fa. Lauya, ko in koya miki tuƙi ne?"

Aji ya tuntsure da dariya, har alƙali sai da ta rufe baki da mayafi. Na kalli takarda, na ɗago.

"Shaida, kin taɓa riƙe jan biro ki..."

Dariyar fuskarta ta ɗauke. Hannunta ya kama gefen tebur. Kallona kawai take.

Shugabar makaranta ta sauke tabarau. "Wane jan biro? Ƙarasa."

Na kife takardar.

"Na janye, ranki ya daɗe."

"Kin janye me? Ai ba ki faɗi komai ba."

"Ba ni da sauran tambaya."

Aka sallami shugaban soja, 'yan ɓangarena suna harara kamar su cinye ni. Ina cewa an gama, sai malam ya ce lauyoyi su kawo takardun tambayoyinsu, a kansu zai ba da maki. Na dunƙule tawa a cikin hijabi.

"Ba zan bayar ba, Malam."

"Me kika ce?"

"Ba zan bayar ba."

Ya ba ni sifili, ya sa na durƙusa a rana har aka tashi. Da kowa ya watse, ƙawata ta zo ta tsaya a kaina, ta miƙo hannu. Na ba ta. Ta warware, ta karanta, ta yayyaga ta cusa a jakarta.

"Ai ban faɗa ba," na ce.

"Ba ki faɗa ba," ta ce. "Amma kin zauna kin rubuta. Har da lamba."

Washegari ta koma bencin baya.

Ta gama makaranta lafiya, yanzu ma'aikaciyar jinya ce a wajen Mashi. In mun haɗu a suna ko biki mukan gaisa, ta tambayi yara, in tambayi aiki. Na daɗe ina ganin ni ce jaruma a labarin nan, tunda na sha rana na ci sifili saboda ita. Sai da na girma na gane sirrin da aka ba ni ajiya ne na wasa kamar wuƙa, na sa a kube, na tafi da shi aji. Har yau bakina yana riga hankalina, ban shiryu ba. Amma ita, tun daga ranar, ko ciwon kai take yi ba ta sake gaya mini ba.