Ƙwayoyin Raba-daidai

A gidan wanki da guga da ke bakin titi, Raba-daidai kowa ke kiranta. Ko biskit ɗaya aka miƙa mata sai ta gutsura wa na kusa. Aikinta hawa saman bene da jiƙaƙƙun zannuwan gado ta shanya, kuma da wannan aiki ta raini 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta.

Da shekaru suka ja, sai jiri ya sako ta gaba. Tafin hannunta ya yi fari fat, in tana hawa sai haki. Ran da ta zube a matakala da kwando a ka, mai gidan wankin ya ce, "Goggo, ba na so ki mutu a hannuna. In kika sake faɗuwa, sai dai ki huta a gida." Maganar nan ta fi faɗuwar yi mata ciwo.

A asibiti aka ce jininta ne ya yi ƙasa, aka ba ta jajayen ƙwayoyin ƙarin jini, kullum ɗaya. To, ina Raba-daidai ina haɗiyar abu ita kaɗai? Mai guga ta yi kukan gajiya, ta samu. Mai gadi ya yi hamma, shi ma ya samu. Ita kuwa ba ta sha sai ran da ta ga dama.

Da ta koma gwaji, mai guga ta raka ta. Nas ta ga jini yana nan inda yake, ta tambaya, "Mama, kina shan maganin kuwa?"

"Ina sha mana, 'yata. Duk muna sha."

Nas ta ajiye biro. Ta yi faɗa sosai, ta ce ba kowace gajiya ce ƙarancin jini ba, kuma wanda bai buƙatar maganin yana iya cutuwa da shi. Kunya ta rufe mai guga, har ta rasa inda za ta sa ido.

Daga nan abokan aiki suka ƙwace kwalbar maganin. Kowace safiya mai guga ta kawo ruwa, mai gadi ya tare ƙofa, sai sun ga ta haɗiye. Tana sha tana mita: "Kun mayar da ni marowaciya da tsufana."

A hankali tafin hannu ya yi ja, haki ya tafi. Wata safiya mai gidan wankin yana saukowa daga bene ya yi kiciɓis da ita a tsakiyar matakala, kwando cike a ka. Ya yi sauri ya miƙa hannu zai karɓa.

"Matsa min, ɗana," in ji ta, muryarta ko rawa babu. "Rana na wuce ni."

Ya manne da bango, ta wuce shi ta haye sama.