Baballe Mai Kalangu da Gashin Kazar Wanzami

Marigayi Baballe makaɗin kalangu ne a Kibiya, da kunnensa yake cin abinci. Mutum ne mai sanyi, amma ba ya mantuwa. Shekarar da aka sami mulkin kai, Ishiyaku wanzami ya sosa masa kunne da gashin kazar da yake sosa wa kowa ran kasuwa. Kwana uku, kunnen ya kumbura yana zubar da mugunya.

"Kai Baballe, kiɗanka ne ya ishi aljanu," in ji Ishiyaku yana dariya.

Baballe ya hau mota zuwa asibiti a Kano. Aka dangwali mugunyar da auduga, aka duba a madubin likita. Malamin asibiti ya ce ƙwayoyin cuta ne, ƙazamin abu aka cusa masa. Kafin maganin ɗigawa ya ci, bukukuwan kaka duk sun wuce shi.

Da ya warke bai kai ƙara ba. Duk ran kasuwa sai ya tsaya gaban rumfar Ishiyaku yana waƙar gashi ɗaya, kunne ɗari, har masu zuwa aski suka watse. Ishiyaku ya ɗauki zabirarsa ya koma Rano. Ran kasuwar can, yana shimfiɗa tabarma, sai ya ji kalangu a bayansa.