Wata Shida a Bencin Baya

Shekara goma sha ɗaya ke nan rabona da cin Jibin Ubangiji. A majami'ar da nake zuwa a nan Badariya, cikin Birnin Kebbi, duk Lahadin farko na wata, da zarar na ga dattawa sun ɗage farin ƙyallen da ya rufe gurasa da ƙananan kofuna, sai in raɗa wa ta kusa da ni cewa na bar tukunya a wuta, in ɗauki jakata in fita. Ba wanda ya hana ni a nan. A Argungu ne, a ikilisiyar da aka yi mini baftisma, aka sa ni horo na wata shida, na gudu ban yi ko mako ɗaya ba, kuma zuciyata ba ta yarda in miƙa hannu in karɓa a wani wuri kamar ba abin da ya faru. Na gaji da wannan fitar. Gajiya ce da barci ba ya maganinta, kuma a cikinta ne kakata take yawan faɗo mini a rai.

Kaka Tani, mahaifiyar mamana, mutuniyar ƙasar Zuru ce. Aure ya kawo ta Argungu, ta daɗe har bakinta ya koma na Kabawa. Sana'arta gumi, wato turara shinkafa kafin a kai ta inji. Idan aka yanke shinkafar fadama, sai ta jiƙa ta da ɓawonta ta kwana, washegari da magariba ta ɗora rabin duro a kan murhu, ta rufe da buhuna, ta zauna tana zuba ɓuntu a wuta kaɗan-kaɗan. Ƙamshin nan har yau ban ji turaren da ya kama ƙafarsa ba. Mu jikokinta mata uku mukan kewaye murhun, gabanmu zafi, bayanmu sanyin da yake tasowa daga gulbi. Maƙwabciyarmu Inna Hajo, musulma ce kuma abokiyar sana'ar Kaka, takan shigo bayan ta idar da salla ta zauna a kan turmi.

Kaka ba ta iya karatu ba. Da kunne ta ɗauki Littafi Mai Tsarki, shekara da shekaru tana zaune a majami'a. Takan ce mana alkawari biyu ne a cikinsa, tsoho da sabo, amma mai alkawarin guda ne. Tana da tatsuniyoyin kura da na dodanni kamar kowace tsohuwa, sai dai idan za ta shiga Littafi takan gyara ɗankwalinta tukuna ta ce, "Wagga ba tatsuniya ba ta. Wadda duk tay yi dariya ba dalili, ta tashi ta ba ni wuri."

Labarin da ta fi maimaitawa shi ne na gonar farko. Inna Hajo har tsokanarta take yi.

"Ke Tani, har yau ba ki hito daga gonar ga ba?"

"Ina ruwanki? Ke ma can kinka hito."

A bakin Kaka, gonar fadama ce wadda ruwa ba ya cinyewa, ga albasa manya-manya, ga kifi yana tsalle, kuma babu sauro ko ɗaya. Allah ya ɗebi laka ya gina mutum, ya hura masa numfashi a hanci. Da ya ga kaɗaici ya dame shi, ya yi masa mata. A nan ni kan lumshe ido, in ga mutumin dogo mai saje, matar kuma mai dogon gashi, suna tafe a bakin ruwa hannu cikin hannu. Kaka ba ta tsayawa a nan. Abin da ya fi burge ta shi ne, kullum da la'asar sakaliya Allah da kansa yakan zo yawo a gonar, su yi hira su uku, ba tsoro, ba sunkuyar da kai. Ya ba su kome, itace ɗaya tak ya hana su. Maciji ya zo da daɗin baki ya ce rowa ce ake yi musu. Matar ta tsinka ta ci, ta ba mijin ya ci. Nan take suka ga kansu tsirara, suka tsinko ganye suka ɗaura, da suka ji tafiyar Allah suka shige bayan itatuwa.

A nan Kaka takan ajiye sandar da take tura wuta, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Sai Allah yay yi kira. Ku gaya min, shi da yay yi ido, bai gane su ba na?"

Mu ce ya gan su.

"To don mi yay yi kira?"

Mu bar ta ta faɗa da bakinta, duk da mun ji amsar sau ashirin.

"Don su hito da ƙahwassu. Cin ɗan icce zunubi na, amma ɓoyon ga shi ac ciwon. Mutum bai taɓa gudun Allah ba sai ran nan."

Da aka tambayi mijin, ya ce matar ce. Da aka tambayi matar, ta ce maciji ne. Inna Hajo takan tafa hannu ta ce tun daga ranar maza ba su sake yin laifi ba a duniya, su yi ta dariya su biyu har Kaka ta manta da dokarta. Sannan a zo wajen hukunci: mace za ta haihu da wahala, ƙasa za ta fid da ƙaya, namiji sai ya yi gumi kafin ya ci. Ina ƙarama na daɗe ina zaton gumin da ake nufi shi ne wanda ke cikin duron Kaka. Har na taɓa ƙin cin tuwon shinkafa na kwana biyu, don kada in sa bakina a abincin la'ana, sai da Mama ta zare mini ido.

Kaka takan rufe labarin da cewa, "Sai Allah yas sa su horo." Kullum haka take faɗa. Wata rana, lokacin na shiga sakandare, kaina ya fara girma, na katse ta.

"Kaka, ba horo ba ne. Malamarmu ta makarantar Lahadi ta ce korarsu aka yi. Har an sa mai takobi a bakin ƙofa."

"An sa. Ni ban ce ba a sa ba." Ta zuba ɓuntu, wuta ta yi tartsatsi. "Amma kin tsallake wuri guda, malama. Kahin su hita, mi yay yi musu?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"Ganyen da sunka ɗaura ko marece bai kai ba. Allah yaz zamna yaɗ ɗunka musu riguna na hwata, yas sa musu da hannunai. Ke Rifkatu, wa ka zama ya yi ma wanda ya kora ɗunki?"

Na ce wannan ƙarinta ne, kamar albasar da rashin sauron.

"Tahi ki duba, ke mai ido."

Inna Hajo ta sa baki. Ta ce mai gidanta idan ya sa bijimi horo don garma, zai ɗaura masa gungume ya ja, zai yi masa tsawa, amma da dare shi ne zai fara samun dussa. Wanda za a kai wa mahauta ne ba a wahalar da kai a kansa. Kaka ta gyaɗa kai, ta ƙara da nata: kafin a sami fata sai da aka yanka wani abu mara laifi, kuma tun daga ranar Allah yake shirya yadda zai biya da abin da ya fi haka tsada, har ya ba da Yesu a kan gicciye don 'ya'yan mutanen nan su koma hira da shi. Inna Hajo ta ce a nan hanyarsu ta rabu, ta miƙe ta taya Kaka sauke duro.

Washegari na duba. Maganar rigunan tana nan, layi ɗaya, a daidai inda ta ce. Ban gaya mata ba. Har ta rasu ban gaya mata ba.

A lokacin wasu littattafan ne suka ɗauke mini hankali, ƙananan nan na soyayya da muke aro a bakin kasuwa, masu hoton fure a bango. Na haddace yadda zuciya take bugawa, da yadda masoyi yake dawowa a shafi na ƙarshe komai daɗewa. Ina shekara ashirin da biyu nawa ya zo, ma'aikacin ban ruwa da aka turo daga wata jiha, mai murya kamar ana zuba ruwa a randa. Ya yi mini alkawari a bakin gulbi, rana tana faɗuwa, tsuntsaye suna komawa gida, komai daidai da yadda na karanta. Da ciki ya bayyana, aka yi masa canjin wurin aiki, lambarsa ta daina shiga. Ba na ɗora masa duka. Na san abin da nake yi.

Ranar Lahadi aka karanta sanarwa a gaban jama'a: an sa 'yar'uwarmu Rifkatu horo na wata shida. A wurinmu ma'anarsa a fili take. Za ki bar ƙungiyar mawaƙa, ba za ki ci Jibi ba, kuma za ki riƙa zama a benci na ƙarshe kusa da ƙofa har wa'adin ya cika, sannan a karɓe ki. Horo aka ce, amma kunnena kora ya ji. Ranar Laraba na hau mota zuwa Birnin Kebbi. A nan na haifi Alheri, a nan na sami aikin koyarwa a wata firamare. Mama takan zo mana, ni ma nakan je Argungu, amma ranar Asabar kawai, in juyo kafin la'asar. Ba ta taɓa ɗaga mini maganar ba.

Wata uku da suka wuce, muna dawowa daga majami'a, Alheri ta ce, "Mama, wai wace tukunya ce take ƙonewa duk ranar Jibi? Ni in mun dawo ba na ganin komai a wuta."

Na ga dai ganyen da na ɗaura ya bushe har yarinya ta gani. A makon nan na kira pastonmu na Argungu, sabo ne, bai san ni ba. Ya ce in ba shi kwana biyu ya duba littafin ikilisiya. Da ya kira ya ce, "'Yar'uwa, sunanki yana nan. Wata shidan ma suna nan, ba su ƙaru ba, ba su ragu ba. Ki zo."

Ranar Lahadi, a cikin motar Argungu, na tsara yadda abin zai kasance: kowa zai waiwayo, zan durƙusa, za a yi kuka, wataƙila har hadari ya haɗo. Ba ko ɗaya da ya faru. Rana ce kawai mai zafi, janareta yana ƙara, yawancin fuskokin ban san su ba. Na sunkuyar da kai na nufi benci na ƙarshe. Da mutum a kai. Mama ce, sanye da zanen zumuntar mata, ita da na sani tun ina yarinya a layin gaba tana buga tulun kiɗa.

"Mama, me kike yi a nan?"

"Shige ciki, ke kam, ƙahwata na ciwo."

Na shige. Na sake tambayarta a hankali. Ba ta dube ni ba, idonta yana kan mawaƙa.

"Tun ran da kinka tahi nike nan. An ce wata shidda, nic ce bari in riƙe miki wurin. Ban san watanki ya hi na kowa tsawo ba."

Ban yi kukan da na shirya ba. Wani ne daban ya zo, mara sauti, wanda ya sa kafaɗuna suka yi nauyi har aka tashi.

Yanzu duk Lahadi da sassafe ni da Alheri muna tasha. Hanyar tana gajiyar da ni, bencin ba shi da majingina, kuma akwai masu kallon da har yau nakan ji shi a wuyana. Wasu suna cewa wannan al'ada ta tsufa, ya kamata a bar ta, ni kuwa ban san ko suna da gaskiya ba. Abin da na sani shi ne hukuncin wata shida aka yanke mini, ni na mai da shi shekara goma sha ɗaya, kuma ba ni kaɗai na ɗauka ba. Na yi zaton Allah ya rufe ƙofa ya juya baya, ashe ni ce a bayan itace, ana kira ina toshe kunne. Kaka ta faɗa mana tun muna zaune a gindin duro, amma ni a lokacin dogon mutumin nan mai saje nake kallo.

Lahadin da ya wuce ranar Jibi ce. Da aka ɗage farin ƙyalle, hannuna ya kai kan jaka da kansa, na janye shi na zauna. Dattijo ya zagayo da tire har layinmu, ya miƙa wa Mama, ya tsallake ni kamar yadda doka ta ce. Mama ta ci, ta sha, ta goge bakinta da gefen zane, sannan ta matso kusa da kunnena.

"Saura wata ukku," in ji ta.